FreeRADIUS a ma'auni: shigar da kwamfutoci Wi-Fi da takardar shaida maimakon kalmar sirri

A mafi yawan ofisoshi da makarantu da asibitoci, kalmar sirri guda ɗaya ce take buɗe Wi-Fi, kuma kowa ya san ta, tun daga shugaban ma'aikata har zuwa ɗan hidimar ƙasa da ya gama aikinsa bara ya tafi. Canza ta ba ƙaramin aiki ba ne, domin sai an bi kowace kwamfuta an sake shigar da sabuwa, saboda haka akan bar ta yadda take shekara da shekaru. Hanyar da ta fi kowace ƙarfi wajen kawo ƙarshen wannan hali ita ce a daina tambayar kalmar sirri gaba ɗaya, a bai wa kowace kwamfuta takardar shaida ta dijital wadda ita kaɗai take riƙe da mabuɗinta. Sunan wannan tsari EAP-TLS, kuma yana buƙatar sabar, wato kwamfutar da ke yi wa sauran hidima, wadda za ta riƙa duba takardun. FreeRADIUS tana cikin manhajojin da aka fi amfani da su a wannan aiki. Ra'ayina a kanta shi ne, ɓangaren aikin da ya rataya a wuyanta tana yin sa ba tare da kuskure ba kuma ba a biyan ko kwabo, amma ɓangaren nata bai kai rabin aikin ba, kuma wanda ya shiga ba tare da ya san haka ba zai sha wahalar da bai zata ba.

Manhajar ta daɗe. Alan DeKok da Miquel van Smoorenburg ne suka fara ta a 1999, ana kuma rarraba ta ƙarƙashin lasisin GPL, wato kowa yana da damar ya sauke ta, ya karanta yadda aka rubuta ta, ya yi amfani da ita a kwamfutoci ko nawa ne. Ka'idar RADIUS da take aiki da ita, wato hanyar da na'urorin sadarwa suke tambayar sabar ko a bar mai neman shiga ya shiga, ta girme ta, domin kamfanin Livingston Enterprises ne ya ƙirƙiro ta a 1991, a zamanin da ake shiga intanet ta layin tarho. Reshen 3.0 na FreeRADIUS ya fito a 2013, reshen 3.2 kuma a 2022, kuma shi ne nake magana a kansa. Jami'o'i da dama da ke cikin tsarin eduroam, wato Wi-Fi na haɗin gwiwar jami'o'in duniya, da ita suke tantance ɗalibai da malamai, haka kuma ita ce take aiki a cikin manhajar kula da shiga layi ta PacketFence, ana kuma samun ta a matsayin ƙari a manhajar katangar tsaro ta pfSense. Saboda haka batun ko za ta iya ɗaukar nauyin ofishi mai kwamfuta ɗari biyu ko ɗari biyar bai ma taso ba.

Kafin a auna ta, ya kamata a san inda aikinta ya fara da inda ya ƙare. Ka'idar 802.1X, wadda aka fitar a 2001, ta raba aikin tsakanin ɓangarori uku: kwamfutar da ke neman shiga, na'urar rarraba Wi-Fi da ke maƙale a bango ko a silin, da sabar da ke yanke hukunci. Idan kwamfuta ta nemi haɗuwa, na'urar rarrabawa ba ta barin komai ya wuce sai saƙonnin tantancewa, waɗanda take miƙa wa sabar ta tashar UDP mai lamba 1812. Sabar ce take fara nuna tata takardar shaida, kwamfutar ta duba ta gamsu cewa ba da 'yan damfara take magana ba, sannan ita ma ta nuna tata, ta kuma sa hannu da mabuɗinta na sirri domin ta tabbatar da cewa takardar tata ce. Mabuɗin kansa ba ya barin kwamfutar. Idan komai ya yi daidai, sabar ta aika wa na'urar rarrabawa amsar amincewa tare da sinadarin da za a haɗa mabuɗin ɓoye bayanai na wannan zama kaɗai, ta yadda kwamfutar da ke teburin kusa ba za ta iya karanta abin da maƙwabciyarta take aikawa ba. FreeRADIUS maigadi ne a bakin ƙofa: yana duba katin shaida da kyau, ba a yi masa wayo, amma ba shi ne yake buga katin ba, ba shi ne yake raba shi ba, kuma ba zai san an kori ma'aikaci ba sai an gaya masa.

Wani zai ce, me ya sa ba za a tsaya a kan sunan ma'aikaci da kalmar sirrinsa ba, tunda tsarin PEAP da MSCHAPv2 yana ba kowa tasa kalmar kuma ya fi sauƙin kafawa? Amsar ita ce wannan hanya ta tsufa. Tun a 2012 Moxie Marlinspike da David Hulton suka nuna cewa fasa MSCHAPv2 bai wuce gano mabuɗi guda ɗaya na DES, wata tsohuwar hanyar ɓoye bayanai mai rauni, ba, don haka duk tsaron ya dogara ne a kan kwamfuta ta ƙi amincewa da sabar bogi, alhali mutane da yawa sukan danna maɓallin amincewa ba tare da sun karanta gargaɗin ba. Bayan haka, daga Windows 11 sigar 22H2, Microsoft ta kunna tsarin kare bayanan shiga mai suna Credential Guard kai tsaye a bugun Enterprise da Education, wanda ya hana kwamfuta shiga da MSCHAPv2 da kanta kamar yadda aka saba, kamfanin kuma ya shawarci masu kula da na'urori su koma ga takardun shaida. Matakin tsaro mafi girma na WPA3, wato ka'idar tsaron Wi-Fi, mai ƙarfin bit 192, shi ma EAP-TLS yake buƙata. Ke nan ko ba jima ko ba daɗe za a zo nan.

Girka manhajar bai ɗaukar lokaci. A tsarin Linux irin Debian ko Ubuntu umarni ɗaya ne, kuma tana gudana lafiya a kan tsohuwar kwamfuta ko ƙaramar sabar da ba ta da wani ƙarfin a-zo-a-gani. Fayilolin saiti suna zaune a /etc/freeradius/3.0, ko da kuwa sigar 3.2 aka girka, abin da yakan rikita sabon shiga har ya ɗauka tsohuwar siga ya samu. A dangin Red Hat kuma wurin shi ne /etc/raddb. Babu allon da za a danna wannan a danna wancan. Komai rubutu ne, kuma fayilolin suna da tsawo, sai dai yawancin tsawon bayani ne da marubutan suka saka a saman kowane saiti, bayanin da ya fi mafi yawan abin da ake samu a intanet inganci. Domin EAP-TLS, wurare uku kawai ake taɓawa da farko. A clients.conf ake rubuta adireshin kowace na'urar rarraba Wi-Fi tare da kalmar sirrin da ke tsakaninta da sabar. A mods-available/eap ake zaɓar tls a matsayin hanyar tantancewa, a nuna inda takardar sabar da mabuɗinta suke. Sai foldar certs, inda takardun suke. Manhajar tana zuwa da kalmomin gwaji guda biyu da duk duniya ta sani, testing123 a fayil na farko da whatever a na biyu, kuma duk wanda ya bar su a aikin gaske shi ya jawo wa kansa.

Akwai tarko guda a nan da ya cancanci a tsaya a kansa, domin ba ya nuna wata alama. A kunshin Debian da Ubuntu, saitin ca_file da ke cikin fayil ɗin eap yana zuwa ne yana nuna /etc/ssl/certs/ca-certificates.crt, wato jerin dukan manyan hukumomin ba da takardun shaida na duniya da ake amincewa da su wajen buɗe shafukan intanet. Ga tsarin da ke amfani da kalmar sirri wannan ba ya cutarwa sosai, amma ga EAP-TLS ma'anar wannan layi ita ce jerin waɗanda sa hannunsu yake isa a buɗe wa kwamfuta ƙofa. Idan mai saiti ya ƙara tasa hukumar, wato wadda take sa hannu a takardun ofishinsa, a cikin jerin ya bar sauran, kwamfutocinsa za su shiga lafiya, zai ɗauka ya gama, alhali wanda ya samo takarda mai dacewa daga ɗaya daga cikin waɗancan hukumomi na waje shi ma yana iya samun shiga. Abin da ya dace shi ne layin ya nuna takardar hukumar ofishin ita kaɗai, a kuma duba ca_path a tabbatar babu wata baƙuwar takarda a foldar da yake nunawa. Bayanin da ke cikin fayil ɗin ya yi gargaɗi a kan haka, amma da manhajar za ta ƙi tashi ko ta yi ƙara a irin wannan yanayi da ya fi.

Foldar certs tana ɗauke da kayan haɗa hukumar ba da shaida ta cikin gida: fayilolin ca.cnf da server.cnf da client.cnf, da umarnin make da ke kiran OpenSSL. A cikin 'yan mintoci mutum zai samu takardar uwa, wato ta hukumar kanta wadda ake sa wa sauran hannu da mabuɗinta, da ta sabar, da ta kwamfuta guda domin gwaji. Kayan suna da wani alheri da ba kowa yake lura da shi ba, wato suna saka alamomin da Windows take nema a cikin takarda, alamar cewa wannan ta sabar ce da alamar cewa waccan ta kwamfutar mai shiga ce. Idan babu alamar farko, Windows takan yanke magana da sabar a tsakiya ba tare da ta faɗi dalili ba. Sai dai wa'adin da aka rubuta a fayilolin kwana 60 ne kacal. Wanda bai canza wannan lamba ba kafin ya buga takardunsa zai wayi gari bayan wata biyu ya tarar ba kwamfutar da take iya shiga, kuma idan takardar uwa ce ta mutu to sai an sake komai daga tushe. Marubutan sun faɗa ƙarara cewa kayan na gwaji ne. Ofishi mai kwamfuta goma sha biyar zai iya lallaɓawa da su, amma tunda sai an gyara client.cnf da hannu ga kowace kwamfuta, da zarar adadin ya ƙaru gara a koma ga manhajojin buga takardu irin su XCA ko Easy-RSA ko step-ca. Ko da wanne aka yi, mabuɗin takardar uwa bai kamata ya kwana a kan sabar da ke haɗe da layi ba, domin wanda ya sace shi zai iya buga wa kansa takarda a duk lokacin da ya ga dama.

Inda FreeRADIUS ta yi wa sauran fintinkau shi ne wajen gano matsala. Idan aka tsayar da ita aka sake tayar da ita da umarnin freeradius -X, takan zayyano duk abin da take yi a kan allo, layi bayan layi, tun daga karanta fayilolin saiti har zuwa inda za ta rubuta “Ready to process requests”. Daga nan sai a ɗauki kwamfutar da ta ƙi shiga a gwada haɗa ta, ana kallon allon sabar. Ita dai Windows abin da za ta ce bai wuce ta kasa haɗuwa ba, amma a ɗaya ɓangaren labarin a bayyane yake. Idan ba abin da ya motsa a allon, saƙon bai iso ba, sai a duba adireshi ko katangar tsaro. Idan aka ga “unknown client”, ba a rubuta na'urar rarrabawar a clients.conf ba. Idan aka ga “Shared secret is incorrect”, kalmar da ke tsakanin na'urorin biyu ba ta zo ɗaya ba. Idan kuwa aka ga “unknown CA”, sai a lura da kalmar da ke gabansa: in an rubuta read, kwamfutar ce ta ƙi amincewa da takardar sabar, wato ba a saka mata takardar uwa ba; in an rubuta write, sabar ce ta ƙi takardar kwamfutar. Wannan bambanci na kalma ɗaya yana raba mutum da yinin banza. Rubutun yana da yawa, haɗuwa ɗaya takan cika allo sau da dama domin ana musayar saƙonni kusan goma ko fiye kafin a gama, amma da ido ya saba, sai ya riƙa zuwa kai tsaye wurin layin da ke da ja. Akwai kuma eapol_test, wata ƙaramar manhaja daga masu wpa_supplicant, wadda take kwaikwayon kwamfuta da na'urar rarrabawa a lokaci guda, ta yadda za a iya tabbatar da lafiyar sabar da takardun tun kafin a taɓa Wi-Fi ɗin da mutane suke aiki da shi.

Daga nan ne aikin da FreeRADIUS ba ta yi yake farawa, kuma shi ne mafi nauyi. Kowace kwamfuta tana buƙatar abubuwa uku: takardar uwa, takardarta tare da mabuɗinta, da bayanin Wi-Fi da ke gaya mata ta yi amfani da takarda ta kuma amince da wannan sabar kaɗai. A Windows, idan ana son kwamfutar ta hau layi tun kafin kowa ya shigar da sunansa, dole takardar ta zauna a ma'ajiyar kwamfuta, wadda ake buɗewa da certlm.msc, ba a ma'ajiyar mai amfani ba. Wanda ya danna fayil ɗin p12, mai ɗauke da takardar da mabuɗinta, sau biyu ya bi matakan ba tare da ya lura ba, a ma'ajiyar mai amfani zai ajiye ta, sannan ya rasa dalilin da ya sa kwamfutar take cewa ba ta da takarda. Bayanin Wi-Fi kuma gara a tsara shi sau ɗaya a kwamfuta guda, a fitar da shi da netsh wlan export profile, a riƙa shigar da shi a sauran. Kwamfutocin Apple suna karɓar duk abubuwan uku a cikin fayil ɗin mobileconfig guda, a Linux kuma NetworkManager yana da guraben da ake nuna masa fayilolin.

Yin wannan da hannu ga kwamfuta ashirin abu ne mai yiwuwa. Yin sa ga ɗari uku, sannan a sake yi duk shekara idan wa'adi ya cika, ba aikin mutum ɗaya ba ne. Haka kuma fayil ɗin p12 da ke yawo a filashi ana iya kwafarsa, kuma da an kwafe shi an koma gidan jiya, domin ya zama kalmar sirri mai tsawo kawai. Ingantacciyar hanya ita ce kwamfutar ta haɗa mabuɗinta da kanta, in so samu ne a cikin TPM, wato guntun tsaro da ke cikin kwamfutar, inda ba a iya fitar da shi, ta aika buƙata, a mayar mata da takarda, ta kuma sabunta da kanta kafin wa'adi. Ofishin da ke da Active Directory, wato rajistar asusun ma'aikata da kwamfutoci ta Microsoft, yana samun wannan ta hanyar sashen ba da takardun shaida na Windows Server tare da Group Policy mai tura saiti zuwa kwamfutoci, kuma FreeRADIUS tana karɓar takardun da ya buga ba tare da gardama ba. Wanda ba shi da shi sai ya nemi tsarin kula da na'urori irin Intune ko Jamf da ke raba takardu ta ka'idar SCEP, waɗanda kuma kuɗi ake biya a kan kowane mai amfani ko kowace na'ura. Kyautar da ake yabon FreeRADIUS da ita ba ta haɗa da wannan ba. Sabuwar kwamfuta kuma ba za ta iya karɓar takardarta ta Wi-Fi ɗin da ba ta da izinin shiga ba, don haka sai an tanadi waya guda a ofishin masu kula da na'urori ko wani keɓaɓɓen layi na rajista.

Soke takarda shi ne abu na biyu da ake mantawa. Yadda manhajar take zuwa, duk takardar da hukumar ofishin ta sa wa hannu, wadda wa'adinta bai cika ba, karɓaɓɓiya ce. Idan aka sace laftof, ɓarawon zai iya zama a mota a bakin gini ya hau layi har sai ranar da takardar ta mutu, sai fa idan an kunna check_crl an kuma ajiye jerin sokakkun takardu inda sabar za ta gan shi. Shi ma jerin yana da nasa wa'adin, kwana 30 a fayilolin gwaji, kuma idan ya wuce ba a sabunta shi ba sabar takan ƙi kowa da kowa, mai laifi da marar laifi. A fuskar tsaro wannan daidai ne, amma yana nufin dole a rubuta ɗan umarnin da zai riƙa sabunta jerin da kansa yana kuma sa sabar ta sake karanta shi. Manhajar tana goyon bayan OCSP, inda ake tambayar matsayin takarda nan take, sai dai wannan wata sabar ce kuma da za a kula da ita. Ga ƙaramin ofishi na fi son hanya ta uku, wadda take cikin sites-available/check-eap-tls: bayan takardar ta wuce gwaji, a ɗauki sunan da ke cikinta a duba ko yana cikin jerin kwamfutocin ofis, ko a fayil ko a rumbun bayanai. Cire suna daga jerin yana rufe ƙofa a haɗuwa ta gaba. Da yaren saitinta mai suna unlang kuma ana iya raba kwamfutoci zuwa VLAN daban-daban, wato keɓaɓɓun sassan layi, bisa abin da ke cikin takardar, ta yadda kwamfutocin sashen kuɗi za su faɗa wani layi, na ɗakin karatu su faɗa wani, duk a ƙarƙashin sunan Wi-Fi ɗaya. Wannan sassauci yana da daɗin aiki ƙwarai ga wanda ya koyi yaren.

Babbar abokiyar gogayyarta ita ce NPS, sabar RADIUS ta Microsoft wadda take cikin Windows Server. NPS tana da allon dannawa, kuma tana ɗaure kowace takarda da asusun kwamfuta a Active Directory, saboda haka da an kashe asusun an rufe wa kwamfutar ƙofa ba tare da wani ƙarin aiki ba. Ga ofishin da dukan kwamfutocinsa Windows ne kuma suna cikin Active Directory, wanda ya riga ya biya kuɗin lasisi, ban ga dalilin barin NPS ba. Amma wannan ɗauri shi ne kuma rauninta. Kwamfutocin Apple da Linux, da na Windows da aka yi wa rajista a Entra ID kaɗai, wato rajistar Microsoft da ke kan intanet, ba su da asusun kwamfuta a can, sai an yi dabaru. Sannan gyaran tsaro mai lamba KB5014754 da Microsoft ta fitar a watan Mayu na 2022, wanda ya tsaurara yadda ake danganta takarda da asusu, aka kuma fara tilasta shi a Fabrairun 2025, ya rushe wasu daga cikin waɗancan dabaru. FreeRADIUS ba ruwanta da wannan duka, domin takardar take dubawa, ba ta tambayar wane irin tsari kwamfutar take gudanarwa. A wurin da na'urori suke gauraye, ita ce ta fi dacewa.

Abubuwa biyu na yanayinmu suna shafar wannan tsari kai tsaye, kuma littattafan saiti ba su cika ambaton su ba. Na farko agogo ne. Kowace takarda tana da ranar fara aiki da ranar ƙarewa, kuma tsofaffin kwamfutoci na hannu da suka cika ofisoshinmu da yawansu batirin agogonsu ya mutu, ta yadda idan caji ya ƙare ƙaf sukan tashi da kwanan watan shekarun baya. Irin wannan kwamfuta za ta ga takardar sabar a matsayin wadda lokacinta bai yi ba, ta ƙi haɗuwa, kuma ba za ta iya gyara agogonta daga intanet ba tunda ba ta samu shiga ba. Haka abin yake ga sabar idan aka ɗora ta a kan ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi na 4 ko wanda ya gabace shi, domin ba su da agogo mai batiri. Na biyu wuta ce. Da kalmar sirri guda, na'urar rarrabawa ita kaɗai ta isa. Da wannan tsari kuwa, idan aka ɗauke wuta sabar ta mutu, ko kuma aka dawo da wuta na'urorin rarrabawa suka riga ta tashi, ba wanda zai shiga sai ta dawo. Dole sabar ta zauna a kan inbata ko sola, kuma tunda kusan kowace na'urar rarrabawa ta ofis tana karɓar adireshin sabar ta biyu, kafa ta biyu a wani gini daban abu ne mai arha, kwafar foldar saiti ce kawai.

Masu rassa a garuruwa daban-daban da suke son sabar ɗaya ta yi wa kowa aiki ta cikin VPN, wato ɓoyayyiyar hanyar haɗa rassa ta intanet, su lura da girman saƙo. Takardun shaida suna da nauyi, ana yanka su gunduwa-gunduwa kafin a aika, kuma idan gunduwa ta fi abin da hanyar take ɗauka, tantancewar takan tsaya a tsakiya, allon sabar ya nuna gargaɗin cewa zaman EAP bai kammala ba. Saitin fragment_size, wanda yake zuwa a 1024, yana rage girman abin da sabar take aikawa, amfani da takardu masu gajeren mabuɗi irin ECDSA maimakon irin RSA kuma yana rage nauyin gaba ɗaya. Idan na'urorin suna goyon bayan RadSec, wato nau'in RADIUS da yake bi ta TCP a tasha 2083 a ɓoye, ya fi dacewa da doguwar hanya.

Ta fuskar kulawar masu manhajar ba ni da ƙorafi. Lokacin da aka bayyana raunin da aka sa wa suna Blast-RADIUS a watan Yuli na 2024, wanda ya samo asali daga dogaron tsohuwar ka'idar a kan MD5, wani tsohon lissafin tabbatar da saƙo, sun fitar da sigogin 3.0.27 da 3.2.5 da gyara a cikinsu, duk da cewa tantancewa ta EAP ba ta cikin abin da harin yake kamawa kai tsaye. Ƙorafina yana kan bayanan koyarwa, waɗanda suke warwatse. Darussa da yawa da bincike yake fara kawowa an rubuta su ne domin reshe na 2, suna maganar fayil ɗin eap.conf da babu shi yanzu, kuma wanda ya kwafo saitinsu ya liƙa a reshe na 3 yakan lalata tsarin da ya zo a daidai. Shawarar da marubutan suka daɗe suna bayarwa ita ce a canza abu ɗaya, a gwada, a ajiye kwafi, sannan a canza na gaba, kuma a wannan manhaja shawarar ba ta ado ba ce.

Makaranta ko asibiti ko kamfani da ke da ma'aikaci na dindindin wanda ya iya Linux, ya kuma fahimci yadda takardun shaida suke aiki, zai amfana da FreeRADIUS matuƙa, musamman idan yana da hanyar raba takardu ta atomatik. Shago ko ofishi mai mutum takwas da yake kiran mai gyara daga waje sai an samu matsala, gara ya tsaya a kan WPA3 mai doguwar kalmar sirri da keɓaɓɓen layin baƙi, domin ranar da takarda ta mutu ba mai tashe ta. Ko a manyan wuraren ma ba kowace na'ura ce za ta bi wannan tsari ba. Firintoci da yawa, da na'urorin ɗaukar zanen yatsa na rajistar zuwa aiki, da talabijin na ɗakin taro, ko dai ba sa karɓar takardar shaida sam, ko kuma suna karɓa amma ba su da hanyar sabunta ta da kansu. Waɗannan sai a haɗa su da waya, ko a buɗe musu wani sunan Wi-Fi na dabam mai kalmar sirri a kan VLAN da ba ya kaiwa ga sabobin ofis, a kuma saka ranar cikar wa'adin takardar sabar da ta takardar uwa a kalandar da mutum fiye da ɗaya yake gani.